Alƙahira ta Ƙarƙashin Ƙasa da ta Bakin Nilu

Jinya ce ta kai ni Alƙahira. Likitoci a Kano sun ba yayana shawarar ya je Masar a duba masa ƙashin baya, sai iyali suka ce ni zan raka shi tare da maiɗakinsa, kasancewar babban ɗansa yana karatu a Jami'ar Azhar kuma ya san gari. Yaron ya kama mana ɗakuna a unguwar Abbasiyya, kusa da Madinatul Bu'us, mazaunin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, inda mutum kan ji Hausar Kano da ta Damagaram da ta Kumasi a bakin shago ɗaya. Asibitin kuwa yana Dukki, a tsallaken kogin Nilu ta ɓangaren Giza, saboda haka tun daga ranar da aka kwantar da Yaya, kullum sai mun ratsa tsakiyar birnin da safe, mu sake ratso shi da dare.

A ranar farko tasi muka ɗauka, muka hau gadar Shida ga Oktoba, wata doguwar gadar sama mai tsawon kimanin kilomita 20 da ta bi ta saman gidaje da kasuwanni. Motoci sun yi cirko-cirko a kanta, direbobi sai danna oda suke yi, abincin da muka riƙo wa mara lafiya ya huce tun ba mu hango ruwan kogin ba. Birni ne da shi da kewayensa suke ɗauke da mutane fiye da miliyan 20, kuma kusan kowa yana son wucewa ta tsakiyarsa a lokaci guda. Da muka sauka, yaron ya dube ni ya ce, “Baffa, daga gobe mitro za mu riƙa shiga, domin idan muka dogara da titi, a mota za mu yi wannan jinyar.”

Mitro shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin. Ƙofar tasharsa ta Abbasiyya matakala ce kawai a gefen titi, da harafin M ja a bisa wani allo. Da mutum ya sauka zai ɗora jakarsa a na'urar bincike, ya bi layi ya sayi tikiti ta taga, kuma kuɗin tikitin ya danganta da yawan tashoshin da zai wuce. Tafiyarmu tasha takwas ce, huɗu a layi na uku zuwa Ataba, sannan huɗu a layi na biyu zuwa Dukki, don haka tikiti mafi araha ya ishe mu. Ana zura shi a bakin ƙarfen shiga ya fito ta ɗaya gefen, sai mutum ya adana shi da kyau, domin da shi zai fita a inda ya sauka. Kafin minti arba'in mun isa ƙofar asibitin, ruwan shayin da ke cikin fulas ɗinmu yana nan da zafinsa.

An buɗe layin farko na wannan jirgi a shekarar 1987 da taimakon Faransa, kuma shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a nahiyar Afirka. Yana tafiya daga Halwan a kudu zuwa Marj a arewa, nisan kimanin kilomita 44, amma kaɗan ne daga cikinsa yake cikin rami. Da ya bar tsakiyar gari sai ya fito sarari ya bi tsohon layin dogo. Layi na biyu ya fara aiki a 1996, ya haɗa Shubra da Giza har zuwa Munib, kuma shi ne ya fara bi ta ƙarƙashin Nilu. Na uku ya zo a 2012, shi ne mafi sabunta, kuma taragansa suna da na'urar sanyaya ɗaki. Tsakanin tashar Sadat da Opera, da kuma tsakanin Opera da Dukki, jirgin yana wucewa ne ta ƙarƙashin rassan kogin guda biyu, kuma a duk lokacin da muka iso nan nakan tuna cewa ruwan da ya taso tun daga tafkin Biktoriya da tsaunukan Habasha yana gudana a saman kawunanmu, alhali mutanen da ke kusa da ni suna ta duba wayoyinsu.

Ataba ce wurin da na fi ganin yawan mutanen birnin. Idan jirage biyu suka sauke fasinja a tare, doguwar hanyar da ta haɗa layukan takan cika maƙil, mutum ba shi da zaɓi sai ya bi tafiyar jama'a. Da safe, tsakanin ƙarfe bakwai da tara, shiga tarago sai mai ƙarfin kafaɗa, kuma ƙofa ba ta jiran kowa. Duk da haka akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba wadda na ga kowa yana bi. Tun jirgi bai tsaya ba, wanda zai sauka yakan taɓa kafaɗar na gabansa ya tambaye shi ko zai sauka a tasha mai zuwa. Idan ya ce a'a, sai su musanya wuri, a haka a haka har masu sauka su taru a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin tsoho ya daɗe a tsaye ba. Saurayi zai miƙe ya kama hannunsa ya zaunar da shi, tsohon ya yi masa addu'a, shi ke nan kowa ya koma sha'aninsa.

Akwai taragai biyu a tsakiyar kowane jirgi da aka keɓe wa mata, kuma an sa alama a kan dandamali daidai inda suke tsayawa. Matar Yaya ta ji tsoron rabuwa da mu da farko, ganin ba ta jin Larabci, sai yaron ya rubuta mata sunan tashar a takarda ya ce, “Umma, ki ƙirga huɗu ki sauka, za ki same mu a gindin agogo.” Ba a yi mako ba ta fara ba mu labarin ƙawayen da ta yi a ciki, da wata dattijuwa da ta ga kwanon abinci a hannunta ta gane jinya take yi, ta dafa ta tana yi wa mara lafiya addu'ar samun sauƙi. A ganina wannan tsari ya cancanci yabo, domin ya ba mace damar fita aiki ko makaranta ita kaɗai a cikin irin wannan turmutsutsu ba tare da fargaba ba.

A cikin taragonmu kuwa, akwai mai karanta ƙaramin Alƙur'ani leɓɓansa suna motsi, akwai ɗalibai masu bitar darasi a tsaye, akwai magini da kayan aikinsa a cikin buhu kusa da ma'aikacin banki mai kwat. 'Yan talla sukan shigo da safa ko biro ko abin sauraron waya, su bi suna ajiye wa kowa ɗaya a cinya, su kai ƙarshen tarago su dawo suna karɓar kuɗi ko kayansu, kuma babu mai ɗaga musu murya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, talakan da ke zaune a Shubra yana iya yin aiki a Giza ya dawo gida da sauran ƙarfi a jikinsa da sauran kuɗi a aljihunsa. Sa'o'in da titi zai cinye masa, jirgin ya mayar masa da su, kuma na ga inda yake kashe su.

Juma'a da Asabar ne ranakun hutu a Masar, don haka daren Alhamis gari kan fito. Da Yaya ya fara samun sauƙi, likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki, sai muka sauka da shi a tashar Opera bayan sallar isha'i, muka taka a hankali zuwa gadar Ƙasrun Nil, wadda aka buɗe a 1933, mai zakuna huɗu na tagulla, biyu a kowane baki. Gadar cike take da iyalai. Wasu sun zo da kujerun roba, masu shayi sun kafa risho a gefe, mai gasa dankalin Hausa yana tura kurarsa hayaƙi yana tashi daga ɗan bututunta, yara suna cin masara gasasshiya. A ƙasa ƙananan jiragen ruwa masu fitilu kala-kala suna kai da kawo da kiɗa, a bayanmu kuma Hasumiyar Alƙahira mai tsayin mita 187 tana haske. Babu mai karɓar ko sisi a kan tsayuwa a nan. Wani magidanci da ke zaune da 'ya'yansa ya ga Yaya yana dogara sanda, ya janye ɗansa daga kujera ya miƙa masa, ya kuma rantse sai mun sha shayi a kuɗinsa. Mun fi awa guda muna shan iskar kogi, ita ce ranar farko da na ji Yaya ya yi dariya tun barinmu Kano.

Washegari muka yi sallar Juma'a a masallacin Azhar, wanda Faɗimawa suka aza harsashinsa a shekarar 970, muka ci ta'amiyya, wadda kamar ƙosai take, da gurasa mai zafi a bayan kasuwar Khanul Khalili, sannan muka hau zuwa lambun Azhar. Wurin juji ne da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba masa shara, har gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi ta dasa itatuwa da ciyawa, aka buɗe shi a 2005, kuma a wajen aikin ne aka tono wani dogon sashe na ganuwar zamanin Salahuddin da shara ta binne. Ana biyan kuɗin shiga, amma hakan bai hana iyalai zuwa da tabarmi da tukwanen abinci ba. Daga saman tudun ana hango ƙasaitaccen ginin nan na Ƙal'a, tsohuwar fadar sarakunan Masar mai ganuwa, da masallacin Muhammad Ali, da hasumiyoyin tsohon birni birjik. Matar Yaya ta zauna tana kallon yara suna gudu a kan ciyawa, ta ce da jikokinta za su sami irin wannan wuri a kusa da gida, da ba su yini a gaban talabijin ba.

Fitarmu ta ƙarshe zuwa dalolin Giza ce, bayan an sallami Yaya. Jirgin bai kai can ba tukuna, don haka muka sauka a tashar Giza muka shiga ƙaramar bas, muka bi titin Haram, inda aka kakkafa shingaye ana haƙa layi na huɗu da rancen ƙasar Japan, wanda zai wuce kusa da dalolin da sabon babban gidan tarihin Masar. Aikin ya matse hanyar ƙwarai, har ɗan wannan guntun ya ci mana lokaci fiye da duk tafiyar jirgi daga Abbasiyya. Kwandastan ya nuna mana ramin ta taga ya ce shi ma ya ƙosa a gama, ko da kuwa zai rage masa fasinja, domin gidansa yana can ƙarshen titin. Mun isa dalar Khufu, wadda ta kai kimanin shekara 4,500 a tsaye, rana ta riga ta take, Yaya ya nemi inuwa ya zauna, mu kuma muka zagaya ta da ƙafa.