Kilo uku na ruwa da ƙwayar da na sha a kansu

Wata huɗu na yi ina fama da rage ƙiba, daga kilo 84 na sauko 77. Duk wanda ya taɓa yi ya san wahalar, ba sai na faɗa ba. Abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne safiyar wata Litinin da na hau sikeli na ga 80.

Na sauka na sake hawa. Na ja shi wani gefen ɗaki, ko ƙasan ce ba daidai ba, na sake hawa: 80. Alhali ranar Alhamis 77 na gani da idona. Zobena ya ƙi fita sai da na sa sabulu, bakin safa ya bar min zane a ƙafa, fuskata ta yi suntum kamar wadda ta kwana tana kuka. Duk waɗannan alamun taruwar ruwa ne, amma a ranar lambar kaɗai nake gani. Na zauna a bakin gado ina jin wahalar wata huɗu ta tashi a banza.

Na kira wata ƙawata ina kuka. Ta ce min, "Haba ƙawata, ai ruwa ne, ba kitse ba. Bari in kawo miki abin da zai sauke shi yau ɗin nan." Rabin maganarta gaskiya ne. Abin da ta kawo min ƙwayar furosemaid ce, maganin sa fitsari da likita ya rubuta wa mahaifiyarta saboda ciwon zuciya. Ban tambayi kowa ba. Na haɗiyi ɗaya, kafin azahar na yi zaryar banɗaki har na daina ƙirgawa, washegari sikeli ya nuna 78. Na yi murna sosai, kuma wannan murnar ce ta cuce ni, domin ita ta sa na ci gaba har kwana tara. Na ƙara da wani kuskuren: na rage shan ruwa, wai don kada in mayar da abin da na fitar.

A dare na shida jijiyar sharaɓata ta ɗaure, na farka ina ihu. In na miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ni, bakina kullum a bushe, zuciyata na bugawa wani iri, kamar tana tsallake bugu. Rana ta tara sai da na dafa bango a banɗaki, idona ya yi duhu. Nan na tsorata na ajiye ƙwayar. Bayan kwana uku na hau sikeli: 81. Ƙafafuna sun fi na farko kumburi, in na danna yatsa a idon sawu sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba.

Yayata ce ta ja ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka ce fotasiyam ɗina, wani sinadari na cikin jini da tsoka da zuciya ke buƙata, ya yi ƙasa, shi ne ya kawo ɗaurewar jijiya da bugun zuciyar nan. Alhamdu lillahi, ƙoda da zuciya lafiya lau. Likitar ba ta yi min faɗa ba, takarda ta jawo ta ce, "Malama, zo mu yi lissafi." Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Kilo uku ke nan sun haura 23,000. Kafin in tara su a kwana huɗu, sai na ci kusan kalori 6,000 kowace rana a kan abin da jikina ke ƙonawa. Ta ce, "Kin ci haka?" Na ce ko kusa. Ruwa kuwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, don haka hawa da saukar kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe ba abin mamaki ba ne.

Sai ta sa na ba ta labarin kwana huɗun nan, kuma kowane abu da na faɗa sai ta ɗaga yatsa. Na yi doguwar tafiya, awa takwas a zaune ƙafa a ƙasa, ruwa ya gangara ya taru a sawu. Na ci abincin waje mai gishiri, jiki kuwa yana riƙe ruwa don ya tsarma gishirin da ya yi yawa. Na fara ɗaga ƙarfe a makon, tsokar da ta wahala tana jan ruwa kafin ta warke. Ga al'adata saura kwana huɗu. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar sitaci, wato abinci irin su shinkafa, tuwo da burodi. Makonni na yi ina ƙaurace masa, a tafiyar nan na ci sosai. Ashe jiki yana adana sukari a hanta da tsoka, ana ce masa gilaikojin, kusan giram 400 zuwa 500 in rumbun ya cika, kuma kowane giram ɗaya yana tafe da ruwa kamar giram uku. Wato cika rumbun nan kaɗai zai iya ɗora maka fiye da kilo ɗaya. Hakan na nufin wani ɓangare na abin da na sauke a makon farko na rage ƙiba ma ruwa ne. Ban ji daɗin jin wannan ba, amma gaskiya ce.

Na tambaye ta dalilin da ya sa na fi kumbura bayan na daina ƙwayar. Ta ce maganin tilasta wa ƙoda yake ta zubar da gishiri da ruwa, jiki kuma da ya ga ana tatse shi sai ya ƙara sakin sinadaran da ke sa a riƙe su. In ka daina sha, sinadaran ba sa lafawa nan take, sai ruwan ya dawo har da ƙari. A nan mutane da yawa ke faɗawa tarko: su ga kumburi, su koma wa ƙwayar, su kasa rabuwa da ita. Ni sai da na yi kusan mako uku kafin ƙafafuna su koma daidai, kuma a kwanakin nan sau biyu na ɗauko sauran ƙwayar na riƙe a hannu kafin na mayar.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne, da ban yi komai ba, da kilo ukun nan sun tafi da kansu cikin mako guda. Na sayi wahalar wata guda da hannuna, na taɓa zuciyata da ƙodata, a kan abin da haƙuri kaɗai zai magance.

Yanzu da safe nake auna kaina, bayan na fito banɗaki, kafin in ci komai. Ina rubutawa, amma matsakaicin mako nake dubawa, kuma ina kwatanta shi da irin wannan makon na watan jiya saboda al'ada. Gishiri ina ƙoƙarin tsayawa ƙasa da giram 5 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato bai kai cikin ƙaramin cokali ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da na leda. In an rubuta sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, a jikin kwali, ina ninka shi sau biyu da rabi in sami gishirin. Ruwa ina sha yadda ƙishi ya nema. In na daɗe a zaune sai in tashi in taka, da dare in ɗora ƙafa a kan matashi.

Kada dai wani ya karanta wannan ya ɗauka kowane kumburi na jira ne. Likitar ta ja min kunne sosai: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko mai ciki ta ga fuska da hannu sun kumbura ga ciwon kai, ko kumburin ya ƙi sauka, wannan na asibiti ne ba tare da ɓata lokaci ba. Wasu magungunan ma suna jawo shi, irin su amlodifin na hawan jini da ibufurofen, sai a gaya wa likita, kada a daina da ka.

Ƙawata ta zo duba ni, na mayar mata da sauran ƙwayar. Na ce, "Don Allah ki kai wa Mama abinta, kuma kada ki sake ba kowa." Ta yi shiru, sannan ta ce min ita ma takan sha duk lokacin da za ta je taro. Na roƙe ta ta je a duba jininta. Har yanzu ba ta je ba, kuma jiya ma na sake kiranta a kan maganar.