Digirin Bayoloji da tarwada

Jiya ƙanwata da ke aji biyu a sashen Bayoloji ta ce, "Yaya, in na gama, aikin me zan yi?" Sai na tuna kaina, don ni ma Bayoloji na karanta. Bayan bautar ƙasa na kai takarduna wani asibiti, aka ce ɗakin gwaji sai mai lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da ma'aikatan ɗakin gwaji na asibiti. Wallahi ranar har hawaye na yi. Wata shidan SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa kafin su gama karatu, shi ne ya rufa min asiri, can na koyi ƙyanƙyasar tarwada: yi wa uwar allura, matse ƙwai, sauya ruwa da asuba hannu duk ƙarni. Na ce ta nemi wurin SIWES da ƙafarta, ko IAR Samaru a Zariya ko IITA Kano, cibiyoyin binciken aikin gona, ta kuma fara koyon tantance alƙaluma a kwamfuta tun bana.