Godiya bayan sallamar Baba daga asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar muka dawo da Baba gida bayan kwana 23 a gadon asibiti. Tiyatar sankarar dubura aka yi masa, ciwon da muka shafe kusan shekara muna ce wa basir, muna ta ɗura masa jiƙe-jiƙe.

Bayan Allah, likitan da ya yi aikin nake fara yi wa godiya, tare da neman afuwarsa. Ranar da ya ce sai an jira mako takwas bayan gashin da aka yi wa ciwon da na'ura kafin a yi aikin, na yi ta mita, na ɗauka ja mana rai yake yi. Bai yi fushi ba. Ya zaunar da ni, ya zana hanji a bayan takarda, ya ce in an yanke wurin ciwon an haɗa bakin hanji biyu, babban abin tsoro shi ne ɗinkin ya yi yoyo, ƙazanta ta tsiyaya cikin ciki. Baba kuwa ya tara yawancin abubuwan da ke jawo haka. Namiji ne, ƙugun maza matsattse ne, aiki a cikinsa da wuya. Ƙarin sankarar ya sauko ƙasa sosai, dab da mafita. Naman da aka gasa kuma ba ya saurin haɗewa. Ya ce waɗannan ba yadda za a yi da su, amma sugan da ya hau, da jinin da ya yi ƙasa, da ramar da ya yi, da sigarin shekara talatin, duk a hannunmu suke.

Hajiya ta ɗaura ɗamara: ƙwai, kifi, wake da zogale kullum, awon suga safe da yamma. Sigari kuwa ranar Baba ya rabu da ita, ko da yake mu muka sha faɗan na mako biyu. Hajiya, Allah ya saka miki da Aljanna.

Duk da haka sai da abin ya taɓa mu. A daren kwana na shida zazzaɓi ya rufe shi, zuciyarsa na bugawa da sauri. Nas ɗin da ke aikin dare ba ta jira gari ya waye ba, ta kira likitoci. Hoto ya nuna ɗan yoyo. Da yake tun farko an fito masa da hanji ta gefen ciki an maƙala leda, bahaya ba ya bi ta kan ɗinkin, sai aka wadatu da robar zuƙe ruwa da alluran kashe ƙwayoyin cuta, ba a sake buɗe shi ba. Ledar nan kuwa da farko cewa ya yi ba zai yarda ba, saboda alwala da salla. Limaminmu ne ya zo har gida ya warware masa hukuncin mai lalura. Malam, mun gode.

Matasan unguwa da suka ba da jini leda huɗu, da Kawu da abokan kasuwarsa da suka haɗa kuɗin gashi, da maƙwabtan da ba su bar mu mun ɗora tukunya ba, Allah ya biya ku. Wanda ya kira ban ɗauka ba, ya yafe ni.

Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, don da safe ake wanke masa ciwo. Saura aikin mayar da hanjin nan da 'yan watanni, a sa mu a addu'a.