Ɓera na uku ya kusa daskarewa a hannuna

Yau Talata, sai yanzu na samu zama, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ɓeraye huɗu muka yi wa tiyata, duk farare irin Wistar, wato ɓerayen ɗakin gwaji, nauyinsu giram 250 zuwa 300, kuma ni aka bar wa shirya su kafin Dakta ta sa wuƙa.

Na farko da na biyu lafiya lau. In saka shi a akwati ya shaƙi isofuluren, iskar nan mai sa barci, har ya yi laushi, in fito da shi in sa masa ɗan mazurari a hanci, in matse yatsan ƙafarsa, in bai janye ba to barci ya kama. Sai man ido, don ɓera a cikin wannan barcin idonsa a buɗe yake ba ya ƙiftawa, ka manta sai ya bushe. Askin a wani teburi daban nake yi da kilifa saboda gashi kar ya tashi ya faɗa wajen aiki, sannan wanki, aidin da sifirit mai kashi 70 bi da bi har sau uku, kullum daga inda za a yanka zuwa waje, kuma audugar da ta kai gefe ba ta dawowa tsakiya, sai kwandon shara.

To na ukun nan ne na tafka ta. Sauri nake yi, ban matse audugar ba, sifirit ya gangara ta haƙarƙarinsa ya jiƙa gashin da ban aske ba har ƙasan bayansa, ni kuwa a raina wai ai tsafta ba ta yawa. Ana cikin aiki na kalli ma'aunin zafin jiki da ke duburarsa, daga 37 ya sauko 35, kafin in gama mamaki 34. Na taɓa jelarsa, wallahi ko ta cikin safar hannu sanyi ƙalau.

Dakta ko ɗago kai ba ta yi ba tace, "Ke, wanka kika yi masa ne?" Nace "Yi haƙuri Dakta," me zan ce kuma.

Abin da na sani ne fa, amma sai yau na gani da idona. Jikinsa ɗan mitsitsi fata kuma da yawa, zafi guduwa yake nan da nan, maganin barci ya hana shi karkarwa ya kuma buɗe jijiyoyin fata, ga jela ba gashi wadda dama ta nan yake fitar da zafi, ni kuma na zo na ƙara da sifirit da ke kwashe ɗumi yayin da yake bushewa. Na tsane gashin da busasshiyar auduga, na naɗe jela da ƙafafu, muka yi masa allurar ruwan dirif mai ɗumi a ƙarƙashin fata. Na so in ɗauko shimfiɗar lantarki, Dakta tace a'a, waccan mai zagayen ruwan ɗumi ta isa, ta lantarki ƙona su take don wanda yake barci ba ya iya matsawa.

Sauran kamar minti 10 sun fara motsa gashin baki, shi sai da ya kai kusan 40 ina tsaye a kansa ina ƙirga numfashi. Kejin farfaɗowa rabi a kan ɗumi rabi a waje, takarda a ƙasa ba dusar katako ba kar ya shaƙa. Da na ga ya ja jiki ya koma ɓangaren da ba ɗumi da kansa, sai a lokacin na sauke ajiyar zuciya.

Na huɗu ruwan gishiri mai ɗumi na sa a madadin sifirit, bai sauka ƙasa da 36 ba. Gobe da sassafe zan auna na ukun, in duba ɗinkin, in ga ko jan ruwan nan da ke nuna ɓera yana jin ciwo ya taru a gefen idonsa.