Kwalbar da ta kai ni Manheim

Yau kwanana shida da dawowa Kano, barcina bai daidaita ba har yanzu, shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun da zafinsa. Barka ce ta kai ni Filadelfiya a Amurka, ɗan yayata aka yi wa haihuwa. Kwalabe ko a mafarki ba su cikin lissafina.

Maƙwabcinsa ne ya ja ni, wani dattijon Bature da ya haura saba'in. Ya gayyace mu cin abincin dare, ashe sai da ya tambayi yaron abin da Musulmi ba ya ci, ya gasa mana kifi. A falonsa akwai kabad cike da kwalabe, an jera su kamar jeren kwanukan amarya na zamanin iyayenmu. Ya ciro ɗaya ya ɗora min a hannu. Ba ta kai kamu ɗaya ba, mai kusurwa takwas, da murfin kuza da ake murɗawa, a jikinta tsuntsu ya sauka a kan zuciya, furanni ja da rawaya da shuɗi sun kewaye shi. Na shafa da babban yatsa na ji zanen ya yi tudu. Ya ce garin gilashi ne mai launi, a zana, a mayar da kwalbar wuta har ya narke ya manne, shi ya sa shekara ɗari biyu ba ta goge shi ba. A gindinta akwai tabon inda aka ɓalle sandar da aka riƙe ta da ita tana da zafi. Na ce wannan ai cibiya ce. Da yaron ya fassara masa ya yi ta dariya. Wai su ma kwalbar amarya suke kiran irin wannan.

Ran Asabar ya ɗauke mu a motarsa zuwa Manheim, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. A hanya muka yi ta wuce mutanen Amish, wasu Kiristoci masu gudun kayan zamani, a keken doki, ga gonakin masara ko'ina. Labarin mutum ɗaya ya yi ta ba mu, Henry William Stiegel, Bajamushen da ya sauka Filadelfiya a 1750, ya auri 'yar mai masana'antar narka ƙarfe, ya kafa garin Manheim a 1762, ya shiga yin gilashi, har ake jingina irin waɗannan kwalabe da sunansa. Mutum ne mai son a san da shi, har ana ce masa Baron alhali ba wanda ya naɗa shi. Bashi ya yi masa katutu, a 1774 aka jefa shi kurkukun masu bashi, ya mutu a 1785 ba shi da komai. Na ce irinsa sun cika Kano, sai dai namu ba sa barin abin da za a saka a kabad.

Abin da ya fi ba ni mamaki wata coci ce a garin. A 1772 Stiegel ya ba su fili a kan sule biyar da jan fure guda a kowace shekara, kuma har yau duk watan Yuni suna biki su miƙa furen ga wani daga zuriyarsa. Na tuna rigimar filin gadonmu da ta shekara tara a kotu, na yi shiru.

Lahadi muka shiga kasuwar tsofaffin kaya a Adamstown. Nan na ga rashin ladabi. Na miƙa hannu zan ɗauki wata kwalba, mai rumfar ya daka min tsawa kamar ya kama ɓarawo, ko gaisuwa babu. Yaron ya ce, “Kawu, ƙyale shi, mu wuce.” Da a Kurmi ne, ai sai an ba ka kujera da ruwa kafin a cuce ka. Wata mata a gaba ta fi shi hankali. Ta ce dala 300. Na buga a naira, gumi ya karyo min, na taya 100. Yaron ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa ta yi murmushi, muka daidaita a 220.

Sai da na biya dattijon ya ce in duba takardar da aka liƙa. Ba a rubuta ta Stiegel ce ba, an rubuta “irin ta Stiegel”. Ya ce galibin waɗannan a Jamus da Bohemiya (ƙasar Czech ta yau) aka yi su, aka yi ta lodinsu zuwa Amurka, kuma ma'aikatan Stiegel daga Turai ya ɗebo su, hannu ɗaya ne, da wuya a bambance. Nasa ma na kabad ba zai rantse a kan ko ɗaya ba. Na ce to me ya sa bai faɗa ba tun ina taya? Ya ce ya ga idona ya riga ya saya. Sunan matsiyacin da ya mutu da bashi shi ke ɗaga farashi! Mu ga Masaga a Bida suna narka kwalba su fitar da awarwaro da tsakiya, a saya a banza a wofi, ba wanda ya taɓa tambayar sunan mai hura wutar.

Gidan tarihin gilashi na Corning ma mun je, wanda aka buɗe a 1951, amma ƙafata ta gaji, rabinsa a zaune na gan shi. New York kwana biyu, tsada da hayaniya.

Kwalbar a cikin safa biyu na naɗe ta, ta iso lafiya. Maiɗakina ta tambayi abin da ake zubawa a ciki a da, na ce galibi barasa. Ta wanke ta sau bakwai, ta zuba humra. Kuɗin kam ban gaya mata ba tukuna.