Tafiyarmu Yankari da yara

Hutun Disamba da ya wuce na ɗebi iyalina muka tafi gandun namun dajin Yankari da ke jihar Bauchi daga Kano a motata, kuma wallahi abin da na gane shi ne daɗin tafiya tun ana gobe ake haɗa shi, ba ranar ba.

Kwana biyu kafin mu tashi na kai motar gareji, bakanike ya juye baƙin mai ya duba birki da ruwan lagireto, har na kunna zan tafi sai ya ce "Alhaji buɗe but mu ga safaya." Ashe tayar babu iska ko kaɗan, ta fi shekara a kwance ban taɓa leƙa ta ba, jak ɗin ma wani ya ara bai dawo da shi ba. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, ka yi tunanin faci a dajin da ke tsakanin Birnin Kudu da Ningi da ƙananan yara uku a baya. Nan take aka gyara, na sayi jak da wilsifana, na cika tanki tun dare.

Muna idar da Asuba muka kama hanya, ta Wudil. Maman yara ita ta riƙe ɓangaren ciki, dambun nama, cincin, dafaffen ƙwai, shayi a fulas saboda sanyin hunturu, ruwa da zoɓo a kula. Ta kuma ware wata 'yar jaka a gabanta mai ɗauke da leda, tawul da kayan canji, ni har ina cewa kayan sun yi yawa, ba mu kai Kachako ba autarmu ta yi amai. Shiru na yi.

Kuskurena ɗaya, na so in ja har Bauchi ba tsayawa, kusan kilomita 300, sai ga baya ya riƙe, yara sun fara rigima. "Baba ƙafata ta yi tsami," in ji babban. A Ningi muka tsaya minti ashirin kowa ya miƙe ƙafa, motar ta dawo da hira. A Bauchi muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru, na ƙara mai na kuma ciri tsabar kuɗi, don in ka bar titin Gombe a Dindima sabis sai a hankali, kar ka dogara da taransifa.

Daga Mainamaji, ƙofar shiga Yankari, zuwa masaukin baƙi na Wikki ma akwai tafiya sama da kilomita 40 cikin daji, shi ya sa sammako ya yi mana rana. Mun isa da sauran haske, yara suka faɗa ruwan Wikki mai ɗumi garai-garai kana hango yashin ƙasa. Amma fa a rufe gilas, mu dai muna sauke kaya wani ƙaton biri ya fizge ledar burodinmu ya haye bishiya, autar tana kuka yayyenta suna dariya.