Ciwon Gwiwa Ba Ya Son Zaman Wuri Ɗaya

A gidajenmu na Zariya, da zarar dattijo ya koma yin sallah a kan kujera saboda ciwon gwiwa, abin da 'ya'ya da jikoki ke cewa shi ne, "Baba, a riƙa hutawa," sannan a aiki yaro kemis ya sayo maganin rage ciwo, diclofenac. Tausayi ne ke kawo wannan shawara, amma tana damuna ƙwarai, domin doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da gaɓa, yawan shan irin wannan magani kuma yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda.

Dalilin sandarewar yana cikin yadda Allah Ya halicci gaɓar. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da hanyoyin jini, abincinsa daga ruwan cikin gaɓa yake samu, ruwan kuwa ba ya ratsa shi sosai sai ana lanƙwasa ƙafa ana miƙewa. Haka kuma tsokar gaban cinya ce ke rage wa gwiwa nauyin jiki, idan aka daina aiki da ita sai ta rame, nauyin ya koma kan wurin da ke ciwo.

Sai dai ba kowane motsi ne ya dace da mai amosanin gaɓɓai ba, kuma a nan ne likitan fisiyo, wato mai yin magani ta hanyar motsa jiki da gashin gaɓɓai, yake da muhimmanci. Yakan auna hawan jini, ya duba iyakar lanƙwasuwar gaɓa da ƙarfin tsoka da yadda mutum ke taka ƙasa, kafin ya zaɓa masa atisaye marar jijjiga: ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa daga kwance, tashi da zama a kujera a hankali, tuƙa keken motsa jiki, ko tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri. Shi ne zai faɗi sau nawa za a yi, da lokacin da za a ƙara, kuma ya bambance wa mutum tsamin jikin da ke wucewa cikin kwana guda da ciwon da ke nufin a dakata. Wannan bambancewar, a ganina, ita ce abin da bidiyon waya ba zai iya yi wa kowa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako don guje wa faɗuwa.

Akwai sashen fisiyo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Zuwa can daga cikin Birni ko Tudun Wada yana cin kuɗin mota, amma yawancin atisayen a gida ake yinsu da tabarma da kujera, sai a riƙa komawa lokaci-lokaci domin likita ya duba ci gaba ya gyara tsarin.